Kujera ta Biyar

A kan tudun Valparaíso,
inda gidaje ke goye da juna har bakin teku,
Amparo ta aro littafin hotuna.

Shafi na shida, teburin abinci:
uba, uwa, ɗa, 'ya, har da kyanwa.
Ta ƙirga da yatsa, ta sake ƙirgawa.
"Kaka, kai ina kake a nan?"

Eleuterio na ɗinkin koma,
hannunsa duk ƙarnin kifi.
Ya ce, "Wataƙila ina kan ruwa, ban dawo ba."

Ba ta yarda ba.
Ta ɗauki guntun fensir
ta zana kujera a ƙarshen tebur,
ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo.
Ta zaunar da tsoho mai hula,
ta ba shi gashin baki da kofin shayi.
Uwar da ke hoton kuwa,
ta daɗe tana kallonta, ba ta taɓa ta ba.

Ran Talata aka mayar da littafin.
Leontina ta laburare ta buɗe shafin,
ta ɗauko magogin fensir,
ta jujjuya shi a tafin hannu,
sannan ta mayar da shi aljihun tebur.