Allura a Kan Bakwai

A Quemchi ruwan sama ba ya sallama.
Kakana Eleuterio yana da ɗaki a bayan kicin
mai warin dalma da jiƙaƙƙen ulu.
Nan akwatin oba-obansa yake zaune,
wayarsa ta fita ta taga, ta haye rufin kwano,
ta shaƙe wuyan itacen tuffa.

A wannan damina ba hira yake nema ba.
Abin da ke kwance ƙarƙashin hira yake aunawa,
shuuu ɗin nan da ke cike tsakanin murya da murya
kamar ana juye tsakuwa cikin kwalekwale.

Ni ce mai fensir.
"Maritza, rubuta: ƙarfe tara na dare,
zangon mita arba'in, allura a kan takwas."
Gobe ma ƙarfe tara, gurbi ɗaya, kada a murɗa komai,
mai awo ba ya sauya mudu ana tsakar ciniki.

Da can, in ji shi, biyu take nunawa.
Yakan ji tarin Osvaldo daga Punta Arenas
har da karen da ke haushi a bayansa.
Yanzu Osvaldo sai ka ce daga ƙasan rijiya yake kira
an kuma kife bakinta da faifai.

Muka shiga farauta.
Ya zare eriya, allura ta kwanta luf.
"To, akwatin ya fita daga zargi."
Ya jona shi da batirin tsohuwar mota,
ya aike ni allon fis da tocila.
Na kashe firji: takwas.
Ƙwan fitilar soro: bakwai da rabi.
Cajar wayata, abin kunya,
ita kaɗai ta cinye rabin lamba.
Ya ɗora wa maƙwabcinmu Nibaldo laifi,
shi da shingen lantarkin tumakinsa mai tas, tas, tas,
kwana uku ba gaisuwa,
har Nibaldo ya kashe shingen da hannunsa,
ya zo ya tsaya bakin ƙofa, hula a ƙirji, yana ɗiga.
Bakwai. Ko gezau.

Saura fis ɗaya,
wanda aka rubuta wa Fresia da jan fenti.
Bai ce in taɓa ba.
Ya ɗauki 'yar rediyon aljihu ya bi bango,
ƙara na ƙaruwa taki bayan taki,
har gindin gadonta,
inda injin da asibitin Ancud ya ba mu aro
yake tace iska yana miƙa wa kakata ta siririn tiyo.

Ta buɗe ido ɗaya.
"Ka kama ɓarawon?"
"Na kama."
"Wane ne?"
"Ruwan sama ne. Yi barcinki."

Daren nan shi ya karɓi fensir.
Bakwai, ya rubuta. A gefe kuma: a bar ta haka.
Tun daga ranar yakan kunna akwatin ƙarfe tara,
ya dubi allura, ya gyaɗa kai,
ya tafi ya ɗora ruwan zafi.

Sai wata Talata iska ta kayar da turke a hanyar Ancud,
gari ya mutu ɗif.
Allura ta sulale, ta sulale, ta tsaya a kan ɗaya.
Ban taɓa jin sama ta yi faɗi haka ba.
Sai ga Osvaldo, garau, kamar yana kan kujerar kusa da ni,
yana kiran sunan kakana harafi harafi.

Kujerar kakana tana juyi ita kaɗai.
Daga can ciki na ji ƙarar sifana a kan tukunyar iska,
na ji ya yi tuntuɓe da bokiti,
na ji tsss,
na ji kakata tana yi masa faɗa a kan bokitin.

Osvaldo ya sake kira, kare na haushi a bayansa.
Ban san maɓallin amsawa ba.
Na laluba fensir a duhu,
na rubuta ɗaya,
a kan layi ko a wajen layi, ban gani ba.