Makullan Nibaldo

Juma'a, biyar da kwata, a Valparaíso.
Ƙarƙashin tagata kwantenoni sun hau kan juna
kamar kwalayen ashana,
inibi ne a cikinsu, yana jiran jirgi.
A kan allona kuwa layi ɗaya tak:
Nibaldo Curiqueo ya yi ritaya, a rufe asusunsa.

Aikina ke nan. Ni ce mai riƙon makullai
a gidan da ba shi da ƙyaure ko ɗaya.
Wannan ya duba kawai, kada ya taɓa.
Waccan ta rubuta, amma ban da gogewa.
Yaron da ya fara aiki Litinin
na ba shi ɗaki guda da taga,
ya ce na cika rowa.
Na ce, mai yankan albasa me zai yi da takobi?

Na buɗe sunan tsohon.
Izinin shekara ashirin da shida
ya taru masa kamar tsatsa a gindin jirgi:
na ma'auni, na ƙofar kwastan,
na albashi ma, ko wa ya ba shi, oho,
da na wani rumbu da aka manta
tun ban zo ba.
Kowane shugaba ya zo ya miƙa masa mabuɗi,
ba wanda ya taɓa cewa, ina na jiya?

Na danna.
Manhaja ta ce, kin tabbata?
Duk ginin nan ita kaɗai ta tambaya.
Na ce na tabbata, na ɗauki jaka,
na hau tudu zuwa gida, na dafa taliya.

Ƙarfe uku na dare waya ta tashe ni.
Rayén ce, daga sashen sanyi.
Ta ce ƙararrawa ba ta yi ko tari ba tun faɗuwar rana,
shirun ya yi yawa, shi ya ba ta tsoro.

Ashe akwai wani ɗan aike a cikin injin,
kowace sa'a yana zagaya kwantena ɗari huɗu
yana taɓa goshinsu ya ji ko da zazzaɓi,
kuma da sunan Nibaldo yake shiga.
Shi ya ƙirƙiro shi wata shekara, bai gaya wa kowa ba.
Na kulle mutum ɗaya,
ashe har da mai gadi a ɗakin.

Kwantena biyu sun ɗumama.
Har yau ina jin warin inibin nan a hancina.

Kafin gari ya waye na raɗa wa ɗan aiken suna nasa,
na ba shi izini biyu:
ya karanta awo, ya kaɗa ƙararrawa.
Na rubuta labarinsa inda na bayana zai gani.

Da hantsi na kira tsohon.
Yana bakin teku, ina jin tsuntsaye.
Ya yi shiru, sannan ya ce, wallahi na manta,
abin da bai taɓa lalacewa ba, wa ke tuna shi?

Na ajiye wayar.
Kofi ya huce a gefena.
Sai na buɗe nawa sunan,
shekara tara kacal,
amma jerin ya wuce tsawon allo.
Na fara daga sama, ɗaya bayan ɗaya,
ina tambayar kowane mabuɗi:
wa ke kwana a bayanka?