Kwanan da Agogo Ya Haɗiye

A Dadin Kowa, inda shinkafar rani
ke shan ruwan Gongola ta bakin inji,
ƙungiyar manoma ta ba ni ɗan aiki:
in koya wa na'ura ta riƙa rubutawa da kanta
tsawon da famfo ya yi yana numfashi.

Ita kuwa daƙiƙa kaɗai ta sani.
Tsintarsu take kamar kaza a masussuka,
ɗaya, ɗaya,
ta tara tuli ta ture maka.
Wa zai tsaya gaban taro ya ce
famfo ya yi dubu bakwai da ɗari biyu?
Awa biyu ake cewa, kowa ya gyaɗa kai.

Na san hanyar, tun a aji aka nuna mana.
Amma ranar motar Gombe ta cika saura mutum ɗaya,
yaron mota na dukan ƙofa.
Na ɗebi daƙiƙun na miƙa wa agogon cikin na'ura,
na ce, kai ne gwanin lokaci, jera min su.
Ya jera. Na gwada da awa uku, daidai.
Na rufe, na ruga.

Wata biyu shiru.

Sai makon da zafi ya tsattsage ƙasa,
shinkafa ta fara naɗe ganye.
Bappa Gidado mai gadin inji
ya tayar da shi da tsakar rana, bai kashe ba.
Da Lamuwa ma'aji ya zaro takarda,
ga abin da ke jiki: 02:09:07.
Awa biyu da 'yan kai.
Ga kuma jarka shida ta man gas
a jingine, babu ko ɗigo.

Ba wanda ya ce ɓarawo.
Kallon jarkokin kawai aka yi, aka kalli tsohon.
Ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar.
Ya ce, salla shida na yi
da kukan injin nan a kunnena.
Lamuwa ya ce, Bappa, na'ura ba ta ƙarya.

Da dare aka kira ni.
Na buɗe cikinta da hasken waya, sauro na shagali,
na tono lambar tun tana ɗanya:
dubu casa'in da huɗu da ɗari da arba'in da bakwai.
A bayan rasit na yi rabon da na guje wa.
Raba da dubu uku da ɗari shida:
ashirin da shida.
Abin da ya ragu, raba da sittin:
tara, bakwai ta yi saura.

Gumi ya karyo min.

Agogo bai san tsawo ba, ƙarfe nawa ya sani.
In ya kai tsakar dare sai ya koma sifili,
ya shafe allo kamar jiya ba ta zo ba.
Dubu tamanin da shida da ɗari huɗu,
yini guda da darensa,
da sanyin asuba, da ciwon bayan dattijo,
ya haɗiye, bai ko yi gyatsa ba.

Layi huɗu na rubuta.
Awa ta yi ta hawa, kada a yi mata rufi.
Minti da daƙiƙa, in ɗayansu ya zo shi kaɗai,
a zaunar masa da sifili a gaba, abokin hira.
Na danna.
26:09:07.

Da safe na kai takardar rumfar inji.
Lamuwa ya karanta sau biyu, ya yi ƙasa da kai.
Na durƙusa, na ce laifina ne, Bappa.
Bai karɓi takardar ba, hannunsa duk baƙin mai.
Ya ce, minti taran nan na san su,
lokacin nake neman takalmina ɗaya a cikin taɓo.

Ya juya ya ja igiyar inji.
Can cikin akwatinta
na'ura ta soma tsinta daga ɗaya.