Juzu'i Na Huɗu

A gindin dalbejiya, bakin kasuwar Garwa,
Bappa Yerima kan baje tsoffin littattafai a kan buhu.
Can na same su, ina aji biyu na sakandare:
na ɗaya, na biyu, na uku, na biyar.
Na ce, "Ina na huɗu?"
Ya ce, "Tambayi gara."

Monsandar sunan makarantar,
da Hausa sai ka ce Dutsen Toka,
can ƙuryar Faransa, inda ƙanƙara ke toshe ƙofa.
Ba a neman gurbi, ba a biyan kuɗin rajista.
Wanda aka zaɓa ƙararrawa zai ji
tana kaɗawa cikin ruwan da zai sha.
Ɗalibanta na ƙulle iska a bakin hankici,
suna ɗinke inuwar da ta yage da allurar azurfa.

Sai da na shekara ina kara kunne a bakin randa.
Inna ta ce, "Jibirilla, ko kwaɗo ne ya faɗa?"
Ban ji komai ba sai numfashina
da kukan babura a titin Yelwa.

Ladidi ƙanwata ba ta kai ga Faransanci ba,
ni ke juya mata da dare in an ɗauke wuta.
Ita ta mai da Oreli Hurera,
don harshenta ya ƙi wancan suna.
Na uku ya ƙare Hurera na reto
a bakin hasumiya, da hannu ɗaya,
malamin taurari ya ci amanarta.
Na biyar ya buɗe tana ɗingishi tana shan shayi,
ba wanda ya ce ga yadda aka yi.

Ladidi ta ƙi cin tuwo.

Wata Laraba na sayi tsire na sefa ɗari biyu
wajen mai nama na kusa da gada.
Takardar da ya naɗe min: shafi na tamanin da bakwai!
Mai ya jiƙe ta, yaji ya cinye rabin layi,
amma ga sunan Oreli, ga hasumiya.
Na koma a guje. Ya ce, "Yaro,
tun Asabar nake yaga, rabin gari ya ci da shi."
Ya miƙo min falle tara da suka rage.

Falle tara ba ya ƙetarar da mutum kogi.
Sai na sayi littafin rubutu mai shafi ɗari
na cike giɓin da kaina.
Ban san dusar ƙanƙara ba, na zuba ambaliyar Agusta.
Na tsamo dorina daga Binuwai
ta tare Hurera a gadon bayanta da ta faɗo.
Maci amana kuwa na ba shi muryar Misiye Danra,
malamin lissafin da ya taɓa ba ni sifiri.
Ina karantawa ina kare shafin da tafin hannu.
Ladidi ta ce, "Ashe Faransa ma akwai dorina?"
Na ce, "Ƙanana ne, saboda sanyi."

Bara aiki ya kai ni Yawunde,
na ga na huɗu a kanti, sabo fil, cikin leda.
Na karance shi a jirgin ƙasa kafin mu iso Gaundare.
Babu dorina.
Igiya kawai aka jefa mata.
Igiya!

Ladidi yanzu ungozoma ce a asibitin Gidar.
'Ya'yanta uku sun san dorinar Monsandar,
har suna sun raɗa mata.
Littafin na ƙasan akwatina, ƙarƙashin babbar riga,
ban gaya wa kowa ba.

Jiya autarta ta zo mana hutu.
Na iske ta durƙushe a tsakar gida,
kunne a bakin randa.
Na buɗe baki ke nan, ta ɗaga min yatsa:
"Kawu, yi shiru."