Yatsun Mai Gyaran Agogo

Ƙarfe biyun dare a hanyar Lamingo,
an ɗauke wuta, janareto ya yi tari ya kama.
Nanret ta kifa kai a tebur, barci ya sace ta.
Saura ni da ɓeraye ashirin da huɗu,
farare kamar auduga, idanu kamar nunanniyar gauta.

Aikina ba shi da kwarjini:
in ɗiga ruwa mai sanyi a tafin ƙafar ɓera,
ɗigo ɗaya tak,
in dubi agogo, in zuba ido.
Lafiyayye kan yarfe sau ɗaya ya manta.
Wanda aka ɗura wa maganin daji kuwa
sai ya ɗaga ƙafa, ya lasa, ya yarfe, ya sake lasa,
sai ka ce garwashi ya taka.
Na rubuta: daƙiƙa goma sha ɗaya.

Babana, Malam Sallau,
shekara talatin da uku yana gyaran agogo a Taminus,
a rumfar da ba ta kai faɗin tabarma ba.
Ƙusar da ba ta fi ƙwayar acca ba
yakan ɗauke ta da hantsaki yana hira da mai rake,
ko kallo ba ya yi.
Cewa yake ido na ruɗi, yatsa ba ya ƙarya.

Sai ciwon daji ya sauka a hanjinsa.
Zuwa takwas ana ƙarin ruwa,
jaka na ɗiga, shi yana auna ɗigon da bugun agogonsa.
Ciwo ya ja da baya, mun gode Allah.
Amma wutar da aka cinna wa ciyawa
ta lashi gefen dawa.

Yanzu da asuba, a sanyin nan namu na Jos,
in ya taɓa buta sai ya zabura
kamar wanda ya damƙi minjirya.
Ni ke ɗumama masa ruwan alwala.
Maɓallin riga ya gagare shi.
Ya ce: 'Yar nan, ga hannuna ina gani,
amma kamar aronsa aka ba ni,
kamar an saƙa mini safa da ƙaya
an ce kada in cire.

A ƙarƙashin madubi na ga abin da yake faɗa.
Lafiyayyar jijiya kan miƙe kamar yaɗon kabewa.
Ta waɗannan ta tsuke daga baki,
ta gutsuttsure kamar zaren da gara ta ci.
Daga can nesa take fara mutuwa,
yadda ƙauyen ƙarshen hanya
ke riga kowa rasa mota in damina ta kankama.

'Yan keji na huɗu mun ba su wani abu.
Ba zan kira sunansa ba tukuna,
sau uku ina murna, sau uku ina goge allo.
Yau ɗayansu ya yarfe ƙafa daƙiƙa bakwai,
ya koma kan abincinsa.
Bakwai.
Ɓera ɗaya ba hujja ba ne, haka Farfesa za ta ce,
kuma da gaskiyarta.
Na dai ja masa layi da jan biro.

Agogon hannuna shi ya haɗa mini.
Tun watan jiya yana baya da minti uku.
Ranar Lahadi ya ce in buɗe bayansa.
Ya zauna gefe, hannuwa cikin hammata:
Hagu kaɗan. A'a, kin wuce. Sassauta.
Ƙusar ta suɓuce, tabarma ta haɗiye ta.
Ya yi dariya har ya ƙware.

Can ya ce: Ɓerayen nan naki,
su ma suna jin sanyin garin nan?
Na ce suna ji, Baba.
Ya ce: To ki riƙa rufa musu wani abu.

Ƙarfe uku saura.
Na tashi na ja tagar da Nanret ta bari a buɗe,
na ɗauko keji na biyar.