Wutar da Ke Haifar Ruwa

Shekara talatin da biyu ina gyaran janareto
a gindin ɗorawar nan ta bakin tashar Jega.
Farcena ya manta launinsa,
tarina ma baƙi ne.
Na san injin da ke shagwaɓa, na san mai ciwon gaske,
da kunne nake duba su tun kafin in taɓa sifana.
Abin da na sani ke nan: in wuta za ta zo,
sai ta zo da hayaƙi da hargowa.

Sai ga Luba, autata, daga makarantar Aliero,
ta dire wani ɗan akwati a kan bencina,
bai fi kwalin sukari ba.
Ta ce, "Baba, saurara."
Na kasa kunne. Shiru.
Amma ƙwan fitila ya buɗe ido,
ɗan fanka ya fara zagawa.

Na juya shi, na nemi fulogi, babu.
Babu fistin, babu salansa.
A bakin wani siririn tiyo
ɗigo ɗaya ya taru, ya yi nauyi, ya faɗo a tafina.
Na sansana, ba fetur ba.
Na kai harshe: ruwa.

Ta ce iska biyu ce ke gamuwa a ciki,
haidirojin da wadda muke shaƙa,
da wani falle a tsakaninsu
kamar zanan da ke raba maƙwabta.
Ba ƙonewa suke ba, ciniki suke ta kan zana.
Ribar ita ce lantarki,
ruwan kuwa la'ada ce ake zubarwa.

Na ce, "Nawa?"
Ta yi irin dariyar uwarta ranar da cefane ya gaza.
Akwai ƙarfe a ciki, ɗan mitsitsi,
dangin zinariya wajen tsada.
Iskar ma ba tsintuwa ba ce:
sai an fasa ruwa da wata wutar,
sai an matse ta a tulun ƙarfe,
ga ta da gudu, ko kafar allura ta samu ta sulale.
Can ƙasashen masu hali ma, motocin da ke shanta ƙalilan ne,
masu su na lissafi suna sosa ƙeya.
Nan kam babu gidan mai ko ɗaya mai sayarwa.

Na ce, "Ashe romon baka ne."
Ta nuna ranar Kabi da ke narka kwalta kyauta,
ta nuna gulbi,
ta nuna tsibin ƙaiƙayin shinkafa
da ake cinna wa wuta a bayan injin casa.
"Rana ta fasa mana ruwa da azahar, mu adana.
In dare ya yi, asibitin Kimba ya haskaka,
allurar riga-kafi ta kwana da sanyinta,
a daina riƙe tocilan waya a kan mai haihuwa."

Ban amsa ba.
Sifanonina nake ƙirgawa a zuci:
wace ce za ta shiga akwatin nan? Ko ɗaya.
Na dubi Nomau, yaron shagona,
ya saki soson wanki, bakinsa a buɗe,
idonsa na bin fanka.
Ni ko zan ga ranar, Allah masani.
Shi kam yana da sauran koyo a gaba, da yawa.

Da la'asar Alhaji Jabbi ya kawo nasa, kabireta ta toshe.
Na busa, na ɗaure, na ja igiya.
Ya yi tari, ya tashi, hayaƙi ya hau ɗorawa.
Ina tsakiyar ƙarar, kunnena na wajen shirun nan.
A tafina, inda ɗigon ya sauka,
tabo ɗaya fari a cikin baƙin mai.
Har aka kira magariba na ƙi gogewa.