Mako Ashirin da Shida

A Grimsby, hawa na biyu, saman shagon katifa,
nan teburina yake, gefen tagar da ba ta rufuwa.
Iskar teku takan shigo da ƙarnin kifi,
ko da yake kifin ya daɗe da yi wa garin ƙaura.

Gwamnati ta yi gwanjon marasa aiki,
kamfaninmu ya taya da araha, aka ce albarka,
ya ƙara ragewa, aka sallama.
Kwangilar shekara biyar, shafi ɗari uku,
ban karanta ko ɗaya ba
sai layin da Misis Pargeter ta manna a bango:
ba a biyan mu don mutum ya shigo ƙofa,
sai ya kama aiki, ya riƙe shi gam
mako ashirin da shida.

Shi ya sa muke tsince mutane kamar shinkafa a faifai.
Koren fayil: yana da lasin tuƙi, bayansa garau.
Rawaya: sai an ɗan tura.
Ja yana aljihun tebur na can ƙasa, mai kuka in an jawo.
A kira shi sau ɗaya a wata,
a ce ya jiki, a rubuta an kira.

Desmond Thwaite ja ne.
Shekara talatin da ɗaya yana feɗe kifi cikin ruwan ƙanƙara
har yatsunsa suka manta miƙewa.
Yakan zo minti goma kafin lokaci, hula a hannu,
ya zauna kamar mai jiran likita.
Na taɓa roƙa masa kuɗin koyon tuƙa motar ɗaga kaya,
fam ɗari huɗu kacal.
Misis Pargeter ta dubi shekarunsa, ta dube ni:
"Lorna, wa ke ɗiban ruwa da kwando?"

Keeley kore ce shar.
Na kai ta rumbun ajiyar kaya,
ina soke mata makonni a kalanda
kamar mai ƙirga wa juna biyu.
A na ashirin da biyar aka rage ma'aikata.
Na kasa cin abinci ran nan,
kuma har yau ban sani ba
ko don ita ne, ko don lambar da aka goge a allo.

Wata Talata Desmond bai zo ba.
Surukin maƙwabcinsa ya sama masa gadi a tashar jirgin ruwa,
ba da saninmu ba, ba da sisinmu ba.
Da makonnin suka cika aka miƙo mini waya:
"Sunansa na littafinmu. Karɓo takardar albashinsa,
fam dubu uku ke kansa."
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na kira. Ya yi shiru,
ina jiyo kukan tsuntsayen teku ta bayansa.
Ya ce, "In na kawo, ke za a ba?"
Na ce a'a.
"Amma za su bar ki a kujerarki?"
Na ce wataƙila.
Washegari ya kawo ta, ninki huɗu, cikin hular.

Bana aka sake gwanjo.
Wani kamfani daga Leeds ya sauko ƙasa da ƙasanmu.
Sun cire allonmu daga bakin ƙofa,
nasu bai kai ya rufe ramukan ƙusoshin ba.
Teburin nan ne, tagar nan ce, ƙarnin yana nan.
Yarinyar da ke kan kujerata ta tambayi shekaruna.
Na ce hamsin da shida.
Ta yi murmushin da ni ma aka koya mini,
ta sunkuya, hannunta ya yi ƙasa.

Na san kukan aljihun nan.